Firizata da Wayar Babanku

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu ba na wurin. Kuna cewa shekarar da babanku ya rasu hankalina ya ɗan gushe, har na ba da firiza mai aiki garau na karɓi tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Ban riƙe kowa a zuciya ba, don da wata ce ta yi haka a unguwarmu Moshi Zongo, ni ce zan fara yi mata dariya. Amma tunda ƙafa ta fara nauyi, jikoki kuma sun fara ɗaukar labarin a karkace, gara ku ji shi daga bakina. Ni ke faɗa, autata Memuna ke rubutawa, don ni da karatun boko gaisuwa ce kawai daga nesa. Na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, ko da inda na taɓa ta ne.

Babanku, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin da wani abu yana jan babbar mota tsakanin Tamale da Kumasi. Ya gangara da doya, ya hauro da goro ko siminti. Ba ya shan taba, ba ya cin goron da yake ɗaukowa, abin da ke hana shi gyangyaɗi a kan sitiyari shi ne kiɗa. Tun ina amarya na tarar da kwalin madara cike da kaset a ƙarƙashin kujerarsa, har direbobin tasha suka sa masa suna Mai Kaset. Da zamanin kaset ya wuce ya koma ɗan katin nan da ake cusa wa rediyon mota, amma bai ji daɗinsa ba, yau ya ɓace gobe ya lalace. Memuna ce, bayan ta fara koyarwa a Kumasi, ta kawo masa zancen manhajar nan ta waƙoƙi da ake biya duk wata. Da farko ya ƙi, ya ce bai ga dalilin biyan abin da ba za ka riƙe a hannu ba. Sai ta ce masa ai ta riga ta yi rajistar iyali, gurbin mutum shida, nasa gurbin yana nan zaune a banza, ko ya shiga ko bai shiga ba haka za ta biya. Ta san ubanta. Mutumin da ke yanka robar man goge baki ya lakace na ciki ba zai jure ya ji an biya abu ba a ci ba. Washegari ya miƙa mata wayarsa.

Daga nan abin ya zame masa aiki. Sau ɗaya Memuna ta koya masa, sauran ya tono da kansa, har ya zo yana koya mata. Ya gano ana sauke waƙa a ajiye saboda wuraren da babu sabis, sai ya riƙa zuwa wurin wani abokinsa mai sayar da kayan mota a Zogbeli, inda akwai intanet na shago, ya zauna ya sauke abin da zai ishe shi tafiya biyu ba tare da ya taɓa datarsa ba. Ya gano in ka danna alamar zuciya a kan waƙa abin yana kawo maka 'yan uwanta, in ka tsallake wadda ba ka so yana daina kawo irinta. Saboda haka ya hana kowa taɓa wayar, ya ce kada jikoki su ɓata mata tarbiyya da kiɗan yaran yanzu. Babban aikinsa kuwa shi ne jera waƙoƙi rukuni-rukuni, kuma har ya koma ga Allah bai kira rukunan nan da wani suna ba sai kaset. Akwai kaset ɗin Tamale zuwa Yapei, mai sanyi, don da sassafe ake tashi. Akwai na Buipe zuwa Kintampo, mai ganga da zafi, don a nan barci ke kama direba. Akwai na dawowa, akwai na ranar da mota ta lalace ana jiran makanike.

Ni ma ya yi mini nawa. Waƙoƙin da muka taso da su ne, na gogen Dagwamba, na matan Moshi irin waɗanda aka yi mini ranar da aka kawo ni gidan nan, na Hausa da muke ji a rediyo muna 'yan mata, da na Tonawa masu jita da ya kwaso a Kumasi. Wata waƙar sai ya yi wata guda yana nemanta. Ya tuna kalma biyu ya rubuta, abin ya kawo masa wata daban, ya yi tsaki ya sake. In ya dace sai in ji ya ƙwala mini kira daga gindin dogon yaro, in fito da ludayi a hannu, ya ce in saurara in gaya masa ko ita ce. Bayan ciwon baya ya sauke shi daga mota, kullum da hantsi, ina tafasa zoɓon da muke kira sobolo ina ɗaure ƙanƙara, zai jingina wayar a tagar kicin ya kunna mini kaset ɗina. Ga inda na yi sake: ban taɓa tambayar sunan waƙa ko ɗaya ba, balle sunan mai ita. Da kunne kawai na san su. In ce ya sa mini ta bayan wadda mata ke guɗa, ya sa. Ban ga amfanin sanin suna ba tunda mai sanin yana zaune a tsakar gida.

Ciwon kwana huɗu ya yi, a ƙarshen shekara. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba ado, ba kiɗa. Wansa Alhaji Seidu, wanda kuke kira Baba Alhaji, ya yi abin da aka saba: ya tattara kayan mamaci, tun daga riguna har agogo da waya, ya zuba a akwatin ƙarfe ya kulle, ya riƙe makulli sai ranar rabo. Layin wayar kawai ya cire ya sa a ƙaramar wayarsa mai maɓalli, don direbobi daga Kumasi da Bawku suna ta kira ba su ji rasuwar ba, dole a samu mai amsa musu. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ya riƙe babanku tun suna marayu, shi ya koya masa mota. Sai dai tun da ya dawo daga Makka ya raba gari da kiɗa, ya kuma sha yi wa ƙanensa faɗa a kai. Babanku ya ce to Yaya, in Yayan ya fita ya ƙara wa kiɗan murya.

Akwatin nan yana ɗakin babanku, kullum ina wucewa ta gabansa zuciyata na kansa. A tunanina waƙoƙin suna cikin wayar ne yadda suke cikin kaset, tunda da idona na ga yana zuwa Zogbeli ya cika ta ya dawo. In wayar ta tafi sun tafi, kuma ko an ba ni sabuwa ba ni da sunan da zan ce a nemo mini. Memuna tana kirana kullum daga Kumasi, da na yi mata tambaya ɗaya da an huta. Amma ku duba, mace mijinta bai yi arba'in a ƙasa ba, ta buɗe baki ta tambayi 'yarta labarin kiɗa? Kunya ta rufe mini baki, na bar abin yana cina.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabo a tsakar gida. Malamin da zai raba gadon yana nan, Baba Alhaji yana nan, ku maza biyu kuna zaune kun sunkuyar da kai, Memuna kuwa babban yayanta ne ya wakilce ta don makaranta ba ta sake ta ba. Ni ina bayan labule ina ji. Aka bi kaya ɗaya bayan ɗaya, firizar da babanku ya saya nake sana'a da ita ta faɗo cikin tumunina, rabon matar mamaci, na yi hamdala. Da aka zo kan waya sai Baba Alhaji ya gyara murya.

"Waya nan kiɗa ne cike da shi," in ji shi. "In ya zauna gida nan, duk wanda ya kunna, nauyi na bin mai shi har kabari. In magada sun yarda, a sai da shi a yi mishi sadaka."

Ku biyu kuka ce kun yarda, ko ɗaga kai ba ku yi ba. Ban ga laifinku ba, ba a koya muku musu da wan uba ba. Ni ma ban taɓa sa baki a zaman maza ba sai ranar, na ji muryata ta fita kafin in yi shawara da kaina.

"Alhaji, a sa wayar cikin rabona. In sadaka ce, a ɗauki firiza a sayar, ta fi auki."

Malam ya tambaye ni sau biyu ko na san abin da nake faɗa, ko wani ne ya matsa mini. Na ce da hankalina. Baba Alhaji ya ce da me zan ci abinci, ga zafi na tahowa, lokacin da ƙanƙara ke tafiya. Na ce Allah na nan. Ban faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba, ya ɗauka abin da hannun miji ya saba riƙewa nake so a kusa da ni. Da la'asar aka kawo keken kaya mai ƙafa uku aka ɗora firizata, ina leƙe ta taga, kuma wallahi sauƙi na ji a raina.

Bayan kwana uku Baba Alhaji ya kawo mini wayar da kansa, naɗe a hankici. Ya tsaya a bakin ƙofa fuskarsa a sake, irin ta wanda ya yi aikin lada.

"Na kai shi kasuwa wurin mai gyara, ya wanke shi tas. Babu kiɗa, babu hoto, babu komi. Asirin ɗan'uwana ya rufu, ke kuma kin samu waya mai tsabta."

Na yi masa godiya, har da addu'a, don haka aka koya mana. Da ya fita na kunna wayar, na nemi alamar nan da babanku ke dannawa, wadda na sani da kalarta. Na shafa dama na shafa hagu, babu ita. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawa, don ranar akwai mutane, yau kuwa daga ni sai wautata.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Zafin Tamale ya sauko da ƙarfinsa. Matan da ke sarin sobolo a wurina suna zuwa da kulolinsu, in ce babu, su koma wurin wata a Choggu, kuma yawancinsu ba su dawo ba har yau. Wannan asara ce, ba na ɓoye ta. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne waƙoƙin sun fara zamewa daga kaina. Ba na rerawa tunda ina takaba, sai dai nakan bi su a zuci ina tsintar shinkafa, don kada su gudu. Sai na ga farkon wannan yana haɗewa da ƙarshen waccan. Wadda aka yi mini ranar aure, da na ɗauka har in mutu ba zan manta ta ba, na wayi gari na kama rabinta na rasa rabi. Abinci ya daina shiga. Maƙwabta suna cewa kewar miji ce, ina cewa haka ne, kuma ba ƙarya na yi ba.

Saura kwana goma sha ɗaya in fita takaba Memuna ta zo hutu. Ta iso da rana tsaka, ta shiga kicin neman ruwan sanyi, ta tarar da shacin ƙafafun firiza a ƙasa. Yayyenta sun ɓoye mata, kowa na tsoron bakinta, kuma da gaskiyarsu, ki rubuta haka kada ki tsallake. Ta tsare ni da tambaya har na gaji da kewaye-kewaye, na ɗauko wayar daga ƙarƙashin filo na faɗa mata komai ina kallon ƙasa. Ta zauna dirshan a gabana ta riƙe kai.

"Mma, waƙa bai cikin waya. Shi na can wurin masu abin, cikin asusu na Baba. Ko waya ya faɗa rijiya, kaset nashi duka na nan."

Na ce kada ta yi mini wasa da hankali, da idona na ga yana cika ta. Ta ce wancan guzurin hanya ne kawai, asalin jerin yana ajiye da sunansa, ko an daina biya ma ba ya gogewa, balle ita ba ta cire gurbinsa ba, hannunta ya kasa. Na ce to firizata fa? Ta ce wannan kam ta tafi a banza. Muka kalli juna, dariya ta kama mu, muna yi hawaye na zuba.

Sai dai da saura. Ta sake sauke manhajar, ta tarar babanku ya canja kalmar sirri tun lokacin da yake gudun jikoki, bai gaya wa kowa ba. Hanya ɗaya ta rage, masu abin su aiko da lambobi shida zuwa layinsa, a shigar da su kafin lokacinsu ya ƙare. Layin kuwa yana aljihun Baba Alhaji, kuma yayyenta sun ji yana cewa kiran ta'aziyya ya ƙare, zai cire shi ya huta. Memuna ta ce in layi ya daɗe a ajiye karɓe shi ake yi a ba wani, daga nan ƙofa ta rufe ke nan. Ta ce ta san dabara, za ta ce masa saƙon banki ne na marigayi. Na ce a'a, shiru ya riga ya ci mini firiza, ba zan ƙara da ƙarya ba. Na aika a ce masa ina neman ganinsa.

Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kujerar ƙanensa a gindin dogon yaro, ni ina kan tabarma a bakin ƙofa, lulluɓe. Bayan gaisuwa na gaya masa gaskiya tun daga farko, har dalilin firiza. Fuskarsa ta canja. Ya ce ashe abin da ya wanke da hannunsa nake so ya dawo da shi da hannunsa. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, tsoro yake ji wa ɗan'uwansa, yana kwana yana tashi da tunanin abin da yaron nan zai tarar. Yaro yake ce masa, mutum mai jikoki. Nan na gane shi ma abin da ke cinsa ke nan tun ranar jana'iza. Tausayinsa ya kama ni, amma ban janye ba.

"Yaya," na ce, ban taɓa kiransa haka ba sai ranar, "shekara talatin yana kan hanya, bai taɓa kayar da mota ba, bai taɓa taka ɗan kowa ba. Abin nan ne ya riƙe masa ido. In akwai nauyi a ciki, daga yau ni ce mai kunnawa, a rubuta a kaina. Shi kaɗai ne abin da ya jera da hannunsa saboda ni."

Ya ci gaba da jan carbi. Ni dai na riga na sallama, ina tunanin yadda zan tashi in shiga ɗaki ba tare da ya ga idona ba. Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro 'yar wayar, ya ce wa Memuna, bai dube ni ba, ta ce su aiko. Saƙo ya shigo, ashe bai zo da tabarau ba. Ya miƙa wayar nesa, ya jawo ta kusa, ya karanta lamba uku ya ce ta huɗun ko takwas ce ko uku. Memuna ta kai hannu za ta karɓa ya hana, ya ce amanar a hannunsa take, shi zai karanta. Kafin ya gama lokacin lambobin ya ƙare. Aka sake aikowa. Wannan karon ya tashi ya fita daga inuwa ya tsaya cikin rana, ya karanto su ɗaya-ɗaya da ƙarfi kamar mai kiran fasinja a tasha.

Memuna ta shigar. Abin ya yi ta juyawa, kun san halin sabis ɗin unguwarmu. Sannan ta ja numfashi ta fara karantowa: Tamale zuwa Yapei, Buipe zuwa Kintampo, Dawowa, Jiran Makanike. Ta ci gaba har ta zo kan nawa, ta ce waƙa sittin da uku ne a ciki, kowace da sunanta da sunan mai ita. Ban san sun kai haka ba. Baba Alhaji ya mayar da wayarsa aljihu, ya ce shi bai ji komai ba bai ga komai ba, lamba kawai ya karanta. Ya kai bakin zaure ya juyo ya ce wa Memuna ta mayar da abin kan layin uwarta tun yau, kada a sake taso shi daga gida saboda kiɗa. Na ƙara mata da cewa gobe ta sayo littafi ta kwafe mini sunayen duka da biro, ta riƙa karanta mini har in haddace.

Da ya tafi ta ɗora yatsa a kan kaset ɗina ta dube ni.

"Mma, in kunna miki ɗaya? Ƙasa-ƙasa, ba wanda zai ji."

Ina so. Allah ya sani ina so. Amma saura kwana goma sha ɗaya, kuma kwanakin babanku ne, ba zan rage masa ko ɗaya ba. Na ce ta kashe wayar ta ajiye, tunda suna nan ba inda za su. Sannan na ce ta duba ko akwai sauran tuwo a tukunya, don yunwa nake ji. Ta zubo mini malmala biyu da miyar ayoyo, na cinye tas, na ce ta ƙaro.